Ni Na Shanya Akwatin Ticha a Rana

Asata, Inugu
Talata da hantsi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Isa da iyalinsa da duk mutanenmu na Anacha. Allah ya tsare ka a inda kake da inda za ka nufa. Mu nan lafiya lau, sai dai Ummanka ta yi mako uku ba ta yi mini magana in ban da "ga abinci" da "a dawo lafiya", kuma ban ga laifinta ba.

Ba labarin gari zan ba ka ba, wayarka ta fi ni saninsa. Za ka ce me ya hana Baba ya kira ni. Na gwada. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa, domin na san halina, in na buɗe baki murya ce take riga hankali fitowa. Shi ya sa na sayi biro da takarda na zauna a bayan rumfa, na ce wa masu ciniki yau babu ɗinki.

Ran Asabar jirginku zai tashi daga Fatakwal, za ka tafi ƙasar Turai shekara uku koyon ƙira da gyaran akwatin kiɗan nan, hafsikod, a wurin masu abin. Mako uku ke nan da ka durƙusa a gabana bayan la'asar, a idon Alhaji Mamuda da sauran dattawan majalisarmu, ka ce in sa maka albarka. Na ce ka je, amma ba da yawuna ba. Ka tashi ka karkaɗe gwiwa, washegari ka koma gidan kawunka. Ba na so ka hau jirgin nan da wannan magana a kunnenka. Amma ba zan iya janye ta ba sai na gaya maka abin da ya sa na faɗe ta, in kuma na gaya maka, mai yiwuwa kai ne za ka ce ba ka bukatar albarkar mutum irina. Na auna duka biyun, na zaɓi in faɗa.

Ka tuna ranar da ka dawo daga gidan Ticha Obiora idonka jawur, muna cin tuwo, ka ce ka ɗaga zanen da ya rufe tsohon hafsikod ɗinsa ka leƙa ciki? Ka ce, "Baba, ba tsufa ne ya kashe abin nan ba, hannun mutum ne. Wanda ya yi wannan aiki ko mugu ne ko jahili." Na ƙware da loma har sai da Ummanka ta miƙo mini ruwa. To, ba mugu ba ne, Babana. Na biyun ne, kuma shi ya haife ka.

Kana ɗan shekara uku lokacin. Ina zaune a rumfar dukancina a gefen kasuwar Ogbete, inda take har yau, ina ɗinka kuben wuƙa na wani mahauci, sai ga wani dogon Inyamuri da baƙar laima ya tsaya a kaina ya yi sallama da Hausar da ta fi tawa tsafta. Daga baya na ji a Zariya aka haife shi, sai da ya zama saurayi suka dawo gida, kuma ya yi shekaru yana koyar da kiɗa a makarantu. Ya ce, "Sannu da aiki, sarkin dukawa. An ce mini duk Ogbete babu mai wuƙa irin taka." Ka san ubanka da yabo, nan da nan na gyara zama. Ya zaro kwalin ashana daga aljihu, ya zazzago mini wata 'yar fata a tafin hannu, tsawonta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, "Za ka iya yanka mini irin wannan guda ɗari da 'yan kai?"

Na ce, "Ticha, layu za ka yi wa tururuwa?"

Ya yi dariya har da buga laima a ƙasa. Ya ce in rufe rumfa in zo in gani. Muka hau okada biyu muka tafi.

A falonsa akwai akwatuna biyu masu ƙafafu. Ɗaya baƙi ne, ƙato, yana sheƙi, shi na san shi, fiyano ne. Ɗayan siriri ne, dogo, kore a waje, da ya ɗaga murfin sai na ga an zana furanni da 'yan tsuntsaye a kan allon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Madannansa ma a juye suke, manyan baƙaƙe, ƙananan farare. Ya ce sunansa hafsikod. Na gwada faɗa sau biyu harshena ya ƙi, na ce ni akwatin Ticha zan riƙa ce masa. Wata tsohuwar malamarsa ce ta bar masa shi wasiyya a can Turai inda ya yi karatu, ya shigo da shi ta jirgin ruwa. Danshin Inugu da kyankyasai suka taru suka cinye 'yan fatun cikinsa, shi ne yake neman baduku.

Ya fara kaɗa mini fiyano. Kai, Babana, sai da na ji shi a tafin ƙafata. Ya yi ƙasa da shi kamar raɗa, ya ɗaga shi har gilashin taga ya amsa, ya taka abin ƙasa muryar ta tsaya a ɗakin ta ƙi fita. Na ce wannan shi ne kiɗa. Sannan ya koma kan koren ya taɓa 'yan madannan da suka rage da rai. Sai na ji wani siririn sauti, tsin, tsin, kamar molo daga gidan maƙwabta. Na ce, "Ticha, wannan ai mara lafiya ne."

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau a nan wurin, muryarsa ke nan. Zo ka leƙa." Ya nuna mini cikin fiyano: kowane madanni yana da 'yar guduma da aka naɗe kanta da ulu, in ka danna sai ta daki waya. Ka daka da ƙarfi ta yi ƙara, ka daka a hankali ta yi laushi. Wayoyinsa masu kauri ne, an ɗaure su tamau, shi ya sa aka yi masa ƙashin baya na ƙarfe. Sannan ya zaro mini wani ɗan faffaɗan katako daga cikin koren, a jikinsa ake soka 'yar fatar nan. In ka danna madanni sai katakon ya tashi, fatar ta ɗan ja tsirkiya ta sake ta, yadda mai molo ke yi da farce. Ya ce wasu da gashin tsuntsu suke yi, wasu yanzu da roba, nasa na fata ne. Kuma duk jikinsa katako ne, babu ƙarfen da ya riƙe shi.

Ya ce, "Danna da ƙarfinka." Na danna da ƙarfin baduku. Sautin bai ƙaru ko kaɗan ba, sai dai katako ya ce ƙwal. Ya ce, "Ka gani? Shi ba a yi masa tsawa. In kana so ya ce wani abu, da lokaci za ka lallaɓa shi, ka riƙe nan kaɗan, ka saki can da wuri. Shi ne wa, fiyano ƙane ne. Mutane ne suka so abin da zai iya ihu ya iya raɗa, ya cika babban zaure, sai aka ƙera ƙanen, aka jingine wan a ɗakin ajiya shekaru da yawa kafin a tuna da shi."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane ba. A raina na riga na yanke cewa abin da ba a jin sa daga bakin titi bai cika kiɗa ba, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Don haka ka ji ni da kyau: inda za ka, za ka ga abubuwa da mutane da ba su yi kama da abin da ka saba ba. Kada ka yi saurin cewa wannan mara lafiya ne. Ka ba kunnenka da idonka wata guda kafin bakinka ya yanke hukunci. Mai gidan da zai koya maka, in ka ga ba ya yawan magana, kada ka ɗauka ba shi da abin faɗa.

Mun yi kusan mako uku muna aikin. Kullum in na tashi daga kasuwa sai in biya. Na samo fatar gindin takalmi mai kyakkyawar jima daga majeman Kano, ina fere ta, ina sokawa, shi kuma yana dannawa yana saurare da ido rufe. Ya ce, "Rage kaɗan, Malam Sule." In rage abin da bai kai kaurin gashi ba. Ya sake dannawa ya ce, "Yauwa, ka ji ta yi daidai da 'yar'uwarta." Ban taɓa aiki da mutum mai kunne irin nasa ba, ban kuma taɓa sanin wuƙata za ta iya abin da ta yi a ɗakin nan ba. Matarsa, Allah ya sa ta huta, tana kawo mana shayi da ƙosai, tana ce mini ita dai in gama da wuri ta samu mijinta.

Akwatin yana da jeri biyu na waɗannan katakai. Ranar da muka gama jerin farko ya ce in zauna in ji. Ya kaɗa wani tsohon kiɗa wanda muryoyi uku ko huɗu ke bin juna, wannan ta fara, waccan ta ɗauka, ta ƙasa ta shigo tana amsa musu. Ya fara yin sa a fiyano, ya yi daɗi, amma muryoyin suna narkewa cikin juna kamar fura da nono. Da ya koma kan koren sai kowace ta fito ita kaɗai, warwara, kamar shinkafar da gwana ta dafa, ka iya bin ɗaya daga farko har ƙarshe ba ta ɓace maka ba. Wallahi na so abin nan, Babana, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai dai ana tsakiyar kiɗan maƙwabci ya tayar da janareta, ya shanye rabin sautin. Na ce a raina, kaico, abu mai kyau haka a ce ba shi da ƙarfi.

Kwana biyu bayan haka aka aiko masa yayarsa ba lafiya a Fatakwal. Suka tafi shi da matarsa, ya bar mini makullin gida. Ka ji fa, makullin gidansa, ni da ya sani mako uku. Ya ce, "Ka ci gaba da yanka na jeri na biyu, in na dawo mu daidaita su tare. Amma kada ka taɓa waya."

Damina ce, ruwa ba dare ba rana. Katakan suka sha danshi suka kumbura, wasu in sun tashi ba sa komawa. Ina zaune ni kaɗai da akwatin sai wayon gidanmu ya taso mini. A Kano gidan kakanka yana jikin gidan makaɗa, mu muke ba su fata. Tun ina yaro na san in ganga ta sha danshi muryarta ta mutu, rana ake kai ta, fata ta ɗame, ta dawo da zaƙinta. Na kuma san mai garaya da guntun ƙirgi mai tauri yake kaɗawa, shi ya sa ake jin sa daga nesa. Na ce ashe maganin abin nan a hannuna yake, Bature da Inyamuri duk ba su gano ba. Zan yi wa Ticha bazata, ya dawo ya tarar akwatinsa yana gogayya da fiyano.

Na ajiye fatar jima na yanko ƙirgi, mai kauri ninki biyu, na soka. Na ɗauki makullin ɗaure wayar da ya ce kada in taɓa, na bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina ƙara musu ɗauri, yadda ake jan tsirkiyar kalangu. Ranar da Allah ya kawo rana mai zafi, na kira 'yan dako biyu muka fitar da shi tsakar gida, na buɗe murfin don ta shiga ko'ina. Na tafi sallar azahar, na biya na ci abinci, har na tsaya hira, raina fari ƙal.

Ina saka ƙafa a ƙofar gidan na ji tas, kamar an karya kara. Na ruga. Tsirkiyoyi sun fi ashirin a tsinke, sun nannaɗe. Allon nan mai furanni, wanda duk muryar daga shi take fitowa, ya tsage daga kai har gindi, tsagar ta raba wani ɗan tsuntsu biyu. Koren fentin gefen da rana ta buga ya kumbura ya yi ƙuraje. Na tsaya ina salati, 'yan dako suna tambayata ko su mayar ciki. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Ga abin da nake so ka riƙe a nan. Ilimin da na yi aiki da shi ba ƙarya ba ne, ganga tana son rana har gobe. Wurinsa ne ba nan ba. Kai ma za ka tafi da naka ilimin, shekarun da ka yi kana gyaran fiyano a makarantu da otal-otal daga Inugu har Fatakwal, kuma hannunka ya saba da waya mai kauri da ɗauri mai ƙarfi. Wannan sabo na hannu shi zai fi cutar da kai a can, ba jahilci ba. In hannunka ya ce maka "ai na san wannan", ka tsaya ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. In an ce kada ka taɓa, ka saka hannunka a aljihu ko da kana ganin gyaran ƙuru-ƙuru. Kada kuma ka yi wa mutum bazata da kayansa. Ni da kyakkyawar niyya na yi, niyyar ba ta haɗe allon ba.

Da a nan na tsaya, da kuskure ne kawai. Muka mayar da akwatin falo. Na bi na zare ƙirgin duka, ashe na bar guda uku a can ƙarshe, su ne ka gani ka ce wani ya cusa fatar bulala. Na kwance ɗaurin da na ƙara, na share ƙasa. Bayan kwana huɗu Ticha ya dawo. Ya ɗaga murfin ya daɗe yana kallo, ya bi tsagar da ɗan yatsa a hankali. Ya ce, "Malam Sule, me ya faru?"

Na ce, "Haka na zo na tarar, Ticha. Damina ce."

Ya dube ni. Ya ce, "To. Damina." Ya karɓi makullinsa, ya ɗauko zanen matarsa ya rufe akwatin.

Shekara ashirin da biyu ban sake bin layin gidansa ba. In zan je asibiti sai in zaga ta bayan tasha. In na hango baƙar laima a kasuwa sai in shige bayan rumfa in yi kamar ina neman basilla. Da matarsa ta rasu ban je gaisuwa ba, ni da na sha shayinta. Na yi asarar aboki irin wanda ba a samu sau biyu, don gudun kunyar minti biyar. Babana, a wurin aiki za ka fasa abu, babu mai sana'ar hannu da bai taɓa ɓarna ba. Ranar da ka fasa, ranar za ka faɗa, kafin ka wanke hannu. In ka bari ta kwana, washegari ta fi nauyi, jibi kuma ba ka iya ɗaga ta.

Sai Allah ya nuna mini ikonsa ta inda ban zata ba. Kana ɗan shekara goma sha biyu, hanyar makarantarku ta bi ta ƙofar gidansa, ka riƙa tsayawa a taga kana jin fiyano har ya kira ka ciki. Shekara guda kana zuwa ban sani ba, Ummanka tana rufa maka. Ranar da na ji, ka tuna abin da na yi. Na tara unguwa da ihu, na ce mu dukawa ne ba maroƙa ba, na ce za a lalata mini ɗa, na jawo addini, na jawo asali, na jawo kakanka da ke kabari. Duk borin kunya ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, tsorona kawai kada wata rana tsohon ya buɗe baki ya gaya maka. Ummanka ta ce mini a lokacin, "Malam, wannan faɗan ya fi ƙarfin laifin yaron nan, akwai dai abin da ke cin ka." Na ce ta yi mini shiru. Jiya na gaya mata komai, ta ce, "Ai na daɗe da sanin akwai wata a ƙasa, ban dai san mai koren fenti ce ba."

Na hana, ka ci gaba, na gaji na kau da kai. Ban taɓa ce maka sannu da aiki ba. Bari in faɗa maka wani abu. Bara na kai jakunkuna wata makarantar 'yan mata, ina wucewa ta babban ɗakin taronsu na ji ana buga madanni ɗaya, ana sake bugawa, ana sakewa. Na leƙa. Kai ne, rabin jikinka a cikin fiyano, kana juya makulli kaɗan-kaɗan, idonka a rufe kamar na Ticha. Shugabar makarantar, mace mai faɗa da kowa ke tsoro, tana tsaye a gefe ta sa yatsa a baki tana hana ɗalibai motsi, don kada a dame ka. Ka gama ka yi mata bayani da Inyamuranci, ta ce "Daalu, nwa m", na gode ɗana. Ƙirjina ya cika har na ji kamar in shiga in ce ni na haife shi. Sai na saɓa jakunkunana na wuce. Kada ka gaji wannan hali. In ka ga abin yabo a wurin abokin aiki, ko matar da Allah zai ba ka, ko ɗanka, ka faɗa yana ji.

Sauran 'yan shawarwari, tunda biro bai ƙare ba. Ka kula da salla, can an ce rana takan yi wasa da mutane, wani lokaci ta ƙi faɗuwa, wani lokaci ta ƙi fitowa, ka nemi masu sani su daidaita maka lokaci. Ka riƙa shafa mai a hannu, sanyi yana fasa yatsu, mai fasasshen yatsa ba ya yanka daidai. Wuƙa kuma ka wasa ta kafin ta nemi washi, kada ka ara, kada ka bayar aro. In sun tambaye ka sana'ar gidanku ka ce dukanci, da ƙarfi, su ma masu ƙera abin nan ai kafintoci ne da dukawa, sun dai sa gilashi. Kuma in ka ƙware a hafsikod kada ka dawo kana yi wa fiyano kallon raini, kana cewa ɗan hayaniya ne. Shi ya ciyar da kai, shi ya buɗe maka kunne, kuma akwai abin da yake faɗa wanda wansa ba zai iya ba. Ni na raina ɗaya saboda ɗaya, ka ga inda ta kai ni.

Jiya da safe na yi wanka na sa babbar riga na bi layin gidan Ticha. Ina tafe kamar wanda za a yi wa kaciya da girma. Na same shi a baranda, ya tsufa ƙwarai, laimar tana jingine a gefensa. Na yi sallama. Bai ɗaga kai sosai ba ya ce, "Sarkin dukawa. Ka yi ɓatan hanya ne?"

Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Ticha, ba damina ba ce. Ni ne. Na ƙara wa wayoyi ɗauri, na sa ƙirgi, na shanya shi a rana." Na faɗi komai, ban rage ba.

Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce. Ya ce, "Malam Sule, tun kafin in ajiye jaka ranar nan maƙwabciyata ta tare ni a ƙofa. Ta ce, 'Oga Ticha, your aboki carry your piano put for sun like garri.' Duk layin nan babu wanda bai ga ka shanya shi kamar garin rogo ba."

Na ce, "To me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ba ni amsa. Na ce bari in ba shi kwana biyu, zai dawo. Matata ta yi wata guda tana dafa shayin mutum uku." Nan dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Akwatin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amanar matacciya ce. Amma rashin zuwanka ya fi yi mini ciwo. Tunda aka ƙera abin nan bai taɓa magana kamar yadda ya yi da fatar da ka yanka ba. Da na ga yaron nan a taga, na ga yatsunsa, na ce waɗannan na san mai su."

Shekara goma sha uku yana koyar da kai, ya san ɗan wane ne kai, bai taɓa ɓata ni a wurinka ko da kalma ɗaya ba. Ni kuwa ina gida ina zaginsa don in rufe tawa. Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, in tashi kada in ɓata riga. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya wa yaron ya koya da kyau, kada ya yi gaggawa. Amma ya sani kunne ɗaya ya rage mini, da shi nake jiran in sake jin akwatin nan."

To ka ji, Babana. Yanzu ka san wanda ya haife ka. Maganar da na faɗa a majalisa na janye ta, kuma tunda a gaban mutane na faɗe ta, jiya bayan la'asar na tsaya a gaban Alhaji Mamuda da su duka na ba su labarin nan tun daga kwalin ashana. Sun yi mini dariya har da hawaye, na cancanta. Na yarda da tafiyarka, da zuciya ɗaya. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa hannunka albarka, ya yi wa kunnenka albarka.

Daga Anacha zuwa nan ba nisa. In ka ga za ka iya kallon fuskata, ka biyo ran Juma'a in faɗa maka da baki, hannuna a kanka. In ba za ka iya ba tukuna, ba zan riƙe ka ba, albarkar ta riga ta zama taka.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka dawo za ka buɗe akwatin nan, ka ɗauke ni aiki. Idona bai mutu ba, wuƙata tana nan. Ni zan yanka fatar, kai za ka faɗi kaurinta. In ka ce, "Baba, rage," zan rage, ba za ka ji bakina ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai Ticha yana da ransa da kunnensa. Ummanka tana gaishe ka, yau da safe har ta tambaye ni yaya na kwana.

Ni ne mahaifinka,
Sule Baduku